Professor INTJ ne ko INTP? Yadda ake gane halin mutanen cikin fim mai dogon zango

'Yar uwa na ga tambayarki, kince ke da yayanki kun daɗe kuna musu a kan Professor, mai tsara fashin a fim ɗin Money Heist, ke kin kafe a kan INTJ ne shi kuma yace INTP (biyu daga cikin nau'o'in hali da ake rubutawa da haruffa huɗu), kowa ya shiga intanet ya samo masu mara masa baya, shine kike tambaya wai akwai wata hanya ta gaskiya da ake bi a gane nau'in halin mutumin cikin fim ko kuwa duk shaci-faɗi ne kowa na faɗin abinda ya ga dama. Toh ni ilimin halayyar ɗan Adam na karanta kuma shi nake koyarwa, sannan ina kallon finafinai masu dogon zango sosai, don haka tambayar nan ta zo inda nake so, sai dai ki yi haƙuri amsar zata ɗan ja.

Akwai hanya, kuma a musun naku ni bayanki nake, INTJ ya fi kusa. Amma nasan yawancin masu cewa INTJ ɗin da dalilin da bai tsaya ba suke faɗa, wato sun ga gilashi, sun ga mutum shiru-shiru mai ƙwaƙwalwa shikenan sun yanke, kuma da irin wannan hujjar yayanki ma yana da gaskiya don INTP ma haka ake zana shi. Abinda ake dubawa shine me mutumin ya zaɓa a lokacin da zaɓin zai ja masa asara.

Bari mu fara da inda haruffan suka fito don yana da amfani a nan. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Suwizalan, Carl Jung, shi ya rubuta littafi a kan nau'o'in halayen mutane a 1921. Wata mata a Amurka, Katharine Cook Briggs, dama ta daɗe tana lura da mutane tana rarraba su gida-gida, abinda ya ƙara tsuma ta ma shine da ta ga saurayin 'yarta halinsa ya sha bamban da na duk 'yan gidansu, da ta karanta Jung sai ta ga ai ga abinda take nema. 'Yar tata Isabel Briggs Myers ita ta mayar da abin ya zama tambayoyin gwaji a shekarun yaƙin duniya na biyu, littafin jagorar gwajin kuma ya fito a 1962, shine gwajin Myers-Briggs, wato MBTI ɗin da ake ta yawo da shi. Su biyun ba wadda ta karanta ilimin halayya a jami'a, kuma ita Isabel marubuciyar labari ce, a 1929 ta ci wata gasa da littafin labarin binciken kisan kai da ta rubuta. Ba don in rage musu daraja na kawo wannan ba, mata ne masu lura ƙwarai, na kawo ne don ki ga tsarin da idon mai ƙirƙirar mutanen labari aka gina shi, shiyasa yake zama daram a jikin mutanen fim fiye da yadda yake zama a jikinmu.

Haruffan tambayoyi huɗu ne kowacce da amsa biyu. E da I, shin hankalin mutum da kuzarinsa waje suke tafiya wajen jama'a da hidima ko ciki suke komawa wajen tunaninsa. S da N, shin ya fi yarda da abinda ido ya gani hannu ya taɓa aka kuma gwada aka ga ya yi, ko kuwa hankalinsa ya fi tafiya kan ma'anar da ke ƙarƙashin abu da abinda zai iya faruwa nan gaba. T da F, idan zai yanke hukunci ƙa'ida da lissafi yake sa wa gaba ko yadda abin zai shafi mutane da abinda zuciyarsa ta ɗauka da daraja. J da P, yana son a tsara a rufe magana a wuce wajen, ko ya fi sakewa idan an bar ƙofa a buɗe ana tafiya ana gyarawa. In kika haɗa su zaki samu nau'i 16. Ki lura da kyau, babu harafin basira a ciki, babu na kirki ko mugunta, babu na jarumta, babu na kunya. Wannan kaɗai in mutane suka riƙe rabin musun da ake yi zai mutu.

Don kuwa abinda ake yi shine, duk wanda aka nuna yana da ƙwaƙwalwa sai a bashi N da T, duk bos ɗin fim mai shirya makirci INTJ ne ko ENTJ, wadda ta yi kuka sau biyu ta zama F, mai ban dariya ENFP, soja ko ɗan sanda ISTJ tun kafin ya buɗe baki. Wannan ba halin mutum ake karantawa ba, aikinsa a cikin labarin ake karantawa. Bos dole ya yi shiri don in bai shirya komai ba babu fim, mai binciken laifi dole ya lura da ƙananan abubuwa don da su za a kama mai laifin, kinga kenan marubuci ne ya ɗora musu don labari ya tafi, baya gaya miki komai a kan yadda suke da aka bar su su zaɓa. Kuma abinda ya fi damuna a ciki shine yadda ake yiwa S rashin adalci, duk wanda 'yan kallo ke so sai su kai shi N kamar S na marasa zurfin tunani ne, alhali likitan tiyata mai hannu ko makanike wanda da jin ƙarar inji zai gaya miki inda matsalar take basirarsu ba ta gaza ta kowa ba.

Sannan akwai aikin kyamara. Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska, toh a fim fuskar ma ba ita kaɗai ke bada labarin ba. Wani mai shirya fim ɗan Rasha, Lev Kuleshov, wajen shekara ɗari da suka wuce ya nuna cewa in ka ɗauki hoton fuskar ɗan wasa guda ɗaya wadda ba ta nuna komai, ka haɗa ta da kwanon miya, ka sake haɗa ta da gawa a akwati, ka sake haɗa ta da mace, masu kallo zasu ga yunwa a ta farko, baƙin ciki a ta biyu, sha'awa a ta uku, alhali fuska ɗaya ce ba ta canza ba. Don haka lokacin da kika ga jarumi ya yi shiru yana kallon taga an sa wani kiɗa mai sanyi kika ce kai wannan akwai zurfin ciki, mai yiwuwa edita da mai kiɗa ne suka baki wannan zurfin. Ni in zan auna mutumin fim irin waɗannan wuraren bana sa su a lissafi gaba ɗaya.

Abinda nake yi, kuma shi nake gaya wa ɗalibai, shine a nemo wuraren da tura ta kai bango, mutumin yana da hanya biyu duk masu yiwuwa, kowacce ya bi zai rasa wani abu, sai a ga wacce ya bi, sannan a ga ko ya maimaita irin wannan zaɓin a wani wurin daban da wasu mutanen daban. Sin ɗaya ba hujja bane. Ɗauki Walter White na Breaking Bad, wanda aka fara a 2008 aka gama a 2013, malamin kimiyyar sinadarai a sakandare da aka gano yana da kansar huhu ya shiga haɗa ƙwaya wai don ya bar wa iyalinsa kuɗi. Mutane na ta musu ko INTJ ne ko ISTJ saboda iya lissafinsa da tsantseninsa a wajen aiki, amma wurin da ya fi tona shi yana zango na farko, lokacin da tsofaffin abokan aikinsa masu kuɗi suka ce zasu biya masa kuɗin magani gaba ɗaya yaƙi karɓa, ya gwammace ya cigaba da harkar da zata iya kashe shi ta rusa gidansa. In lissafi zalla ne ai karɓa ya kamata ya yi, in tausayin iyali ne ma karɓa ya kamata ya yi, abinda ya hana shi girman kai ne da tsohon ciwon da ke ransa na ganin an ci gaba an bar shi, kuma a kashi na ƙarshe da bakinsa ya amsa wa matarsa cewa don kansa ya yi. Toh wannan girman kan da ya tuƙa labarin tun daga farko har ƙarshe ba shi da gurbi a haruffa huɗun nan. Zaki iya bashi INTJ ki yi daidai a tsarin, amma babban abinda ya sa shi Walter White yana waje.

Ned Stark na Game of Thrones shi kuma misali ne na musu mai ma'ana. A kashi na farko da hannunsa ya sare kan wanda ya gudu daga bakin aikin gadi saboda doka ta ce haka, nan kowa zai ce T. Amma da ya gano cewa 'ya'yan sarauniya Cersei ba na mijinta sarki Robert bane, sai ya fara zuwa wajenta ya gaya mata don ta gudu da yaran kafin sarki ya ji ya kashe su, wannan tausayin kuma shi ya ba ta damar shiryawa har Ned ɗin ya kai ga rasa ransa. S ɗinsa da J ɗinsa ba wanda zai ja, amma tsakanin T da F mutum biyu masu hankali zasu iya saɓawa kowa da sin ɗinsa a hannu, kuma ni irin wannan saɓanin nake so don yana sa a koma a kalli labarin da idon basira. Dokta House na fim ɗin House kuma wata matsalar ce daban, mutumin yana fama da ciwon ƙafa dare da rana kuma ya kamu da maganin kashe zafi, toh zafin bakinsa da korar mutane da yake yi nawa ne daga halinsa nawa ne daga ciwo da ƙwayar? Duk wanda aka nuna miki shi cikin ciwo ko jimami ko yaƙi ko maye, ki yi taka-tsantsan, kina ganin mutum ne a cikin wani yanayi ba lallai yadda yake a sake ba.

Yanzu mu zo kan Professor ɗin, tunda kin kalla ba abinda zan ɓata miki. I ɗinsa da N ɗinsa ku biyun kun yarda, T ma haka, harafin ƙarshe ne rigimar. Toh duba, mutumin nan shekaru ya kwashe yana shirya shiga gidan buga kuɗi na Sifaniya don a buga yuro biliyan 2.4, ya tara mutanensa a wani gida a yankin Toledo wata biyar yana koya musu a gaban allo kamar 'yan makaranta, ya kafa dokoki, ba sunan gaskiya sai sunan birane, ba soyayya a tsakani, ba zubar da jini, kuma kusan duk matakin da 'yan sanda zasu ɗauka ya riga ya zauna ya tanadi amsarsa. Amma kamar yadda na faɗa shiri kaɗai ba hujja bane don fim ɗin fashi dole a samu mai shiri. Hujjar tana wajen yadda yake idan shirin ya karkace. In Tokyo ko wani ya karya doka, ko wani abu ya ɓullo wanda baya cikin lissafi, zaki ga jikinsa na rawa yana gumi yana gyara gilashi, yana iya ƙirƙiro dabara nan take kam, kamar lokacin da ya ruga wajen da ake murƙushe tsofaffin motoci don ya ɓatar da shaida, amma ba daɗinsa yake ji ba kuma duk dabarar da ya ƙirƙiro burinta ɗaya, a koma kan layin da ya zana tun farko. Mutumin P da gaske sabon abu in ya faɗo yakan buɗe masa ido ne, har ya yarda ya bar tsohuwar hanya ya bi sabuwa. Shi kuwa Professor ko fashi na biyu na babban bankin Sifaniya abinda ya hana shi sukuni shine shirin ba nasa bane, na ɗan uwansa Berlin ne da Palermo, kuma bai samu lokacin da zai toshe duk ɓarakar da yake gani ba. Wannan J ne ƙarara.

Akwai masu cewa ai F ne ma tunda ya kamu da son Raquel, sufetar da ke farautarsa, kuma da ya je gidan mahaifiyarta da niyyar kashe ta saboda ta ji wani saƙon waya da zai tona shi kasawa ya yi. Ni ban ɗauki wannan hujjar F ba. T ba yana nufin mutum ba shi da zuciya ko imani bane, yana nufin da me yake fara auna abu, kuma ki tuna da lissafi ya isa ƙofar gidan nan, lissafin ne ya ce masa ga abinda ya kamata, a daƙiƙar ƙarshe ne zuciyar ta ƙi. Marubutan da gangan suka gina shi haka, mutum mai tsari wanda abu ɗaya da bai sa a tsarinsa ba shine kansa. Kuma ki cire duk wuraren da yake Salva, sunan ƙaryar da yake zuwa wa Raquel da shi, a lissafinki, a nan wasa yake a cikin wasa, fara'ar da sakin jikin na aiki ne, duk da daga baya abin ya rikiɗe masa ya zama gaske.

Sai dai kafin ki je ki ce wa yayanki kin ci, ki tambaye shi da wane ma'auni yake awo, don masu wannan harka gida biyu ne kuma da yawa basu san ba gida ɗaya suke ba. Gida na farko haruffa huɗun suke bi ɗaya bayan ɗaya kamar yadda na yi yanzu. Gida na biyu suna bin abinda suke kira ayyukan tunani guda takwas da aka ciro daga Jung, kowane nau'i an jera masa huɗu daga babba zuwa ƙarami, kuma a wannan tsarin INTJ da INTP duk da harafi ɗaya ya raba su babu aiki ko ɗaya da suka haɗa a cikin huɗun. INTJ a wajensu hangen abu ɗaya mai zuwa ne ke jan shi sai ya bi da tsara duniya don a kai can, INTP kuma gina fahimta a cikin kai ne ke jan shi, yafi damuwa da abu ya yi daidai a hankali fiye da a aiwatar da shi. Ko da wannan ma'aunin ni INTJ zan ba Professor don mutum ne mai buri ɗaya da ya gada daga mahaifinsa ya kuma sa mutane da kayan aiki ya aiwatar. Amma gaskiya jeren ayyukan nan binciken masana bai tabbatar da shi ba, kuma da yake yana da sassa da yawa duk abinda mutum ya yi za a iya samo masa bayani, in ya yi tsari ace aikinsa na biyu ne, in ya rikice ace na huɗu ne ya taso, toh tsarin da ba abinda zai iya ƙaryata shi musu a kansa baya ƙarewa.

Wani abin kuma da ake mantawa, mutumin fim mai dogon zango ba mutum ɗaya ke rubuta shi ba. A Amurka musamman ɗaki guda ake tara marubuta, wannan ya rubuta kashi na uku wancan na bakwai, wasu su tafi wasu su zo, a shekara goma an canza hannu sau da yawa. Friends daga 1994 zuwa 2004 aka yi shi, ki kwatanta Joey na zangon farko da na ƙarshe, da farko saurayi ne mai sauƙin kai wanda bai damu da karatu ba amma yana da wayon zama da mutane, zuwa ƙarshe an mayar da shi wanda abu mai sauƙi ma baya ganewa saboda an ga nan ne 'yan kallo ke dariya. Ned Flanders na The Simpsons haka aka yi masa, daga maƙwabci mai kirki mai riƙo da addini aka yi ta hura ɓangare ɗaya har ya cinye sauran, har da sunansa masu sharhi ke kiran wannan matsalar. Game of Thrones ma da labarin ya wuce inda littattafan suka tsaya mutane da yawa sun ga Tyrion ya daina zama mai hangen da aka sani, rigimar abinda Daenerys ta yi a zangon ƙarshe a 2019 kuwa har yau ba ta mutu ba. Don haka in za a yi musu a fara cewa na wane zango, in ba haka ba ke kina maganar mutum ɗaya shi yana maganar wani masu suna ɗaya.

Ta ɓangaren ilimi kuma dole in gaya miki yawancin masu bincike a fanninmu basa aiki da MBTI. Babban dalili shine yana raba mutane gida biyu a kowace tambaya alhali in aka auna jama'a yawanci a tsakiya suke taruwa, kamar ace duk wanda ya kai santimita 170 dogo ne wanda ya tsaya a 169 gajere, kinga mutum biyun nan sun fi kusa da juna fiye da yadda sunan ya nuna. Shiyasa a wasu nazarce-nazarce kusan rabin waɗanda suka sake gwajin bayan 'yan makonni harafi ɗaya aƙalla ya canza musu. Abinda aka fi yarda da shi shine manyan halaye biyar da ake kira Big Five, wato son sabon abu da tunani, tsari da riƙon aiki, son shiga jama'a, sauƙin kai da tausayi, sai saurin damuwa da tashin hankali, kuma kowanne mataki-mataki ne ba eh ko a'a ba. Robert McCrae da Paul Costa a 1989 sun nuna ma'aunan MBTI huɗu suna tafiya da huɗu daga cikin biyar ɗin, na biyar wato saurin damuwa shine babu shi sam. Shafin 16Personalities da yawancin mutane ke yin gwaji a kai ma ba MBTI na asali bane, wannan harafi na biyar, A ko T, da suke liƙawa a ƙarshe ƙoƙarin cike wannan giɓin ne. Kuma a fim wannan na biyar ɗin shine rabin labari, Professor da Berlin duk masu ƙwaƙwalwa ne masu son iko da yanayi, amma ɗaya kullum cikin fargaba yake ɗayan kuwa ko a jikinsa, wannan bambancin shi ke sa duk sin ɗin da suka haɗu ya yi armashi.

Batun kowa ya samo masu goyon bayansa a intanet kuma bai bani mamaki ba. A 1948 wani malami, Bertram Forer, ya ba ɗalibansa 39 gwajin hali, daga baya ya miƙa wa kowa takarda yace sakamakonsa ne, alhali rubutu ɗaya ne ya ba kowa wanda ya tsinto daga littafin taurari, maganganu irin su kana son mutane su so ka, wani lokacin kana da sakin jiki wani lokacin kana ja baya. Da yace su auna yadda ya dace da su daga 0 zuwa 5, matsakaicin ya kai wajen 4.3. Bayanan nau'o'in nan 16 da yawa haka aka rubuta su, in kika karanta na INTP kina tunanin Professor zaki ga ya hau, ki karanta na INTJ shima ya hau. Ƙari a kan haka mutane na son jawo jarumin da suke ƙauna zuwa nasu nau'in, ki bincika ki gani ko yayanki INTP gwaji ya taɓa bashi.

Inda nake so ki yi hattara da gaske shine ɗauko wannan sabon a kawo shi kan mutanen gaske. Ƙwaƙwalwarmu a shirye take ta ga hali ko ina, a 1944 Fritz Heider da Marianne Simmel sun nuna wa mutane ɗan gajeren fim na alwatika biyu da da'ira suna motsi a kusa da wani akwati, kusan kowa ya bada labari kamar na mutane, har ana cewa babbar alwatikar azzaluma ce. A 1967 kuma Edward Jones da Victor Harris sun ba mutane rubutu na goyon bayan Fidel Castro suka gaya musu umartar marubucin aka yi ya rubuta haka, amma duk da haka masu karatun suka ɗauka ra'ayinsa ne. Wato muna saurin jingina abu ga halin mutum mu manta da yanayin da ya sa shi. A fim wannan ba laifi bane don da gangan aka zaɓo miki kowane sin ya nuna wani abu, a can ne hali yake zanen dutse, mutumin fim ba shi da wata rayuwa a bayan kyamara da zata ƙaryata abinda kika gani. Mutum na gaske kuwa Walter Mischel ya nuna tun 1968 cewa alaƙar sakamakon gwajin hali da abinda mutum zai yi a wani yanayi guda ba ta cika wuce 0.3 ba a ma'aunin da 1 ne cikakkiyar alaƙa, wanda ya yi shiru a ofis zai iya zama shi ke riƙe da hira a cikin abokansa. Ko 'yan wasan kansu ana yi musu wannan kuskuren, Hugh Laurie da ya fito a House ɗan wasan barkwanci ne sananne a Ingila kafin nan, Bryan Cranston kuma kafin Walter White uba mai ban dariya ya fito a Malcolm in the Middle shekara da shekaru, amma sai ki ga an basu nau'in rol ɗinsu kamar an zauna da su. Shi kansa kamfanin da ke da MBTI ya faɗa a fili cewa bai dace a yi amfani da gwajin wajen tantance wanda za a ɗauka aiki ba, kuma waɗannan mutane ne da suka zauna suka amsa tambayoyin da kansu, balle wanda kawai aka kalla daga nesa aka liƙa masa haruffa.